HUKUNCIN ASUWAKI GA WANDA HAƘORANSA BA SU JURE SANYI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mutum ya kyautata surarsa, ya kuma sanya tsarki ya zama ƙofar salla. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata tambaya da wani dattijo ya yi mini a ƙofar Masallacin Juma'a na Fagge, cikin hunturun da ya wuce. Mutum ne mai sayar da yadi, ya ba shekara sittin baya, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya rabuwa da asuwaki a aljihun gaba. Bayan mun gaisa sai ya ja ni gefe ya ce, "Allah gafarta Malam, shekara arba'in ke nan ban yi alwala ba sai da asuwaki. Amma bana abin ya gagare ni. Da na kai ruwan buta bakina da asuba sai in ji kamar an soka mini allura a gindin haƙori, asuwakin kuwa da ya taɓa wurin sai hawaye. Yau mako uku ke nan ban yi shi ba, kurkurar baki ma sai dai in taɓa ruwa a leɓe. Shin ina da laifi? Ko kuwa in daure in ci gaba, tun da an ce lada gwargwadon wahala?"

Na ce ya nuna mini asuwakin. Ya zaro shi, sai ga ice busasshe ƙayau, kaurinsa ya kai babban yatsa, bakinsa kamar tsintsiyar kwakwa. Ya ce da gangan yake zaɓen mai tauri, domin shi ne ke fitar da jan goro, kuma a gida ma buroshin da yake saye mai tauri ne. To, da yake na tabbata masu irin wannan lalura suna da yawa, wasu sun bar sunna suna baƙin ciki, wasu suna yi wa bakinsu rauni suna zaton lada suke tarawa, sai na ga ya kamata a faɗaɗa amsar a wannan fili.

MA'ANAR ASUWAKI DA MATSAYINSA

Kalmar asuwaki mun aro ta ne daga Larabci, watau as-siwak. Asalinta a wurin malaman lugga yana nufin gogawa ko cuɗawa, kuma ana kiran aikin gogar da wannan suna, ana kuma kiran abin da aka yi gogar da shi. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin hukunce-hukunce da yawa za su ginu a kansa nan gaba.

Falalarsa kuwa ba ɓoyayya ba ce. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, duk sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa gudun tsananta wa al'ummarsa ne kaɗai ya hana shi wajabta musu asuwaki. A wata riwaya an ambaci kowace salla, a wata kuma kowace alwala. Nasa'i ya ruwaito daga Nana A'isha cewa asuwaki yana tsarkake baki yana kuma jawo yardar Ubangiji. Huzaifa ya ba da labarin cewa idan Annabi ya tashi cikin dare da goge baki yake farawa, Nana A'isha kuma da aka tambaye ta abin da yake fara yi idan ya shigo gida, asuwaki ta ambata.

Amma a dubi hadisin farko da kyau. Dalilin da ya sa ba a wajabta asuwaki ba shi ne tausayi da gudun wahalarwa. Saboda haka ne malaman mazhabar Malikiyya suka lissafa shi cikin mustahabban alwala, kamar yadda kowane almajiri ya karanta a Ahalari da Ishmawi. Wanda ya yi yana da lada, wanda ya bari alwalarsa ta inganta, sallarsa ta inganta, babu zunubi a kansa. Wannan ita ce amsar rabin tambayar dattijon nan. Sauran rabin shi ne: yaya zai koma wa sunnarsa ba tare da ya cutu ba?

ABIN DA YA FARU A ƊAKIN NANA A'ISHA

A watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 11 bayan Hijira, daidai da 632 Miladiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kwance cikin ciwon ajali a ɗakin Nana A'isha, ta jingina shi a ƙirjinta. Sai ɗan'uwanta Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo yana riƙe da ɗanyen asuwaki. Annabi ya bi asuwakin da kallo, ta gane yana so, ta tambaye shi ko ta karɓo masa, ya yi nuni da kai. Buhari ya kawo a ɗaya daga cikin riwayoyinsa cewa da ya karɓa sai ya yi masa tauri, sai ta sake tambayarsa ko ta tausasa masa, ya sake nuni da kai. Ta tauna shi ta gyara shi har ya yi laushi, sa'an nan ta miƙa masa ya goge bakinsa, gogar da ta ce ba ta taɓa ganin ya yi wadda ta fi ta kyau ba. Bai daɗe ba bayan wannan Allah ya karɓi ransa.

Masu wa'azi sukan kawo wannan ƙissa domin nuna yadda Annabi ya riƙe asuwaki har ƙarshen rayuwarsa, kuma gaskiya suka faɗa. Amma akwai darasi na biyu a cikinta wanda ba a cika tsayawa a kansa ba. Sa'ad da jiki ya yi rauni ice ya yi tauri, Fiyayyen Halitta bai ajiye asuwakin ba, bai kuma dage a kan mai taurin ba, sai ya yarda aka tausasa masa. Ashe ke nan tausasa asuwaki ga mai lalura koyi ne da Manzo, kuma shi ne hanya madaidaiciya tsakanin mai bari da mai cutar da kansa.

Game da zancen lada gwargwadon wahala kuwa, malamai sun yi bayani cewa ana nufin wahalar da ibada ta zo da ita da kanta, kamar nisan tafiya ga alhaji ko ƙishirwa ga mai azumi. Wahalar da mutum ya ƙirƙiro wa kansa ba ta cikin wannan. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum mai suna Abu Isra'ila wanda ya yi bakancen zai tsaya a rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi ya yi umarni a ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya dai cika azuminsa. Watau aka tabbatar masa da abin da yake ibada, aka soke abin da yake azabtar da kai. Haka nan ayar alwala, aya ta 6 a Suratul Ma'ida, an rufe ta da bayanin cewa Allah tsarkake mu yake nufi, ba ya nufin sanya mana ƙunci.

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA SHARƊANTA

Wanda ya koma littattafan furu'a zai tarar malamanmu ba su bar wannan babi a sake ba. Sun fifita icen arak, wanda alhazai ke kawowa tsaraba daga Makka, kuma shi ne Abdullahi ɗan Mas'ud yake hawa ya tsinko wa Annabi. Bayansa suka ambaci icen dabino da na zaitun. Sun so asuwaki ya zama tsaka-tsaki, kada ya bushe har ya yanki dasashi, kada kuma ya yi ruɓus har ya kasa fitar da dauɗa. Sun so kada tsawonsa ya wuce ɗani ɗaya. Sun karhanta icen rumman da na raihan da kara, sun kuma hana yin asuwaki da icen da ba a san shi ba, don kada ya zama mai dafi. Duk wanda ya duba waɗannan sharuɗɗa zai ga abu guda suke karewa, shi ne kada mai neman tsafta ya koma da rauni.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi wata faɗakarwa a cikin Zadul Ma'ad wadda ta dace da dattijonmu ƙwarai. Ya ce a yi asuwaki da tsakaitawa, domin wanda ya wuce kima yana iya kankare sheƙin haƙoransa ya raunana su. Wannan magana an rubuta ta fiye da shekara 600 da suka wuce, kuma nan gaba kaɗan za mu ga yadda binciken likitoci ya gaskata ta.

Sa'an nan malamai sun yalwata a kan abin da ake gogar da shi. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya kyautata yin asuwaki da yatsa wajen alwala, Shehu Halilu ma a Muhtasar ya ambaci cewa ko da yatsa ne ya wadatar. Imamu Nawawi, daga malaman Shafi'iyya, ya tafi a kan cewa duk abin da zai kawar da canjin baki, ko da ƙyalle ne mai ɗan kaushi, an sami asuwaki da shi. Bisa wannan ne malamai da yawa na zamaninmu suka ce wanda ya goge bakinsa da buroshi da niyyar bin umarnin Annabi na tsabtace baki, ana fatan ya sami ladan sunna, ko da yake icen arak yana nan da fifikonsa saboda shi Annabi ya riƙa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Allah cikin hikimarsa ya gina haƙori hawa uku. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma ba ya jin zafi ko sanyi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba, cike yake da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani, kowace da ɗan ruwa a cikinta. A can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin ji da na jini suke. Farin ɓawon nan iyakarsa wuyan haƙori. Saiwar da ke ƙasa ba ta da shi, dasashi ne ya lulluɓe ta yake kare ta.

To, idan farin ɓawon ya zaizaye, ko dasashi ya janye ya bar wuyan haƙori a fili, sai bakin kafofin nan ya buɗe. Da ruwan sanyi, ko iskar hunturu, ko abu mai zaƙi ko mai tsami ya taɓa wurin, sai ruwan da ke cikin kafofin ya motsa, jijiya ta amsa, mutum ya ji sukar nan mai kama da allura wadda ke zuwa farat ɗaya ta wuce. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin mai suna Martin Brännström shi ne ya shahara da wannan bayani tun cikin shekarun 1960, kuma a kansa mafi yawan likitoci suke har yanzu.

Abubuwan da ke kai mutum ga wannan hali sanannu ne a cikinmu. Na farko, dirzar haƙori da ƙarfi da abu mai tauri, shekara da shekaru. Na biyu, goge baki da gawayi, ko toka, ko gishiri tsagwaronsa, domin fitar da jan goro ko na taba. Na uku, yawan shan abu mai tsami, kamar lemon tsami, da tsamiya, da zoɓo, da lemon kwalba. Mu Hausawa mun daɗe da sanin wannan, shi ya sa muke cewa tsami ya kashe mini haƙori. Na huɗu, ciwon dasashi da dauɗar da ta daskare a gindin haƙori ke kawowa. Na biyar, cizon haƙora cikin barci, da tauna ƙanƙara, da buɗe kwalba da haƙori.

Abin da ya sa al'amarin yake da nauyi shi ne, farin ɓawon nan idan ya tafi ba ya tsirowa, dasashi ma idan ya janye ba ya komawa da kansa. Fata takan warke, gashi yakan tsiro, amma wannan sau ɗaya ake ba mutum. Har wa yau, jan goron da ake dirza domin a fitar, dirzar ce ke ƙara fito da rawayan da ke ƙarƙashi, sai mutum ya ga haƙori bai yi fari ba ya ƙara ƙarfi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Likitocin haƙori a ƙasar Saudiyya sun tabbatar da amfanin icen arak wajen rage dauɗa da ƙwayoyin cuta, sun kuma lura cewa masu yawaita shi da ƙarfi sun fi samun janyewar dasashi. Maganar Ibnul Ƙayyim ke nan ta dawo ta bakin likitoci.

YADDA ZA A ZAƁI ASUWAKI

Wanda ya tsaya gaban masu tasbaha da turare a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ko ya shiga Kasuwar Kurmi, zai ga asuwaki iri iri. Mai raunin haƙori ya nemi siriri, kamar kaurin ƙaramin yatsa, wanda bai tsufa a ajiye ba, wanda idan an ɗan lanƙwasa shi yakan ba da kai. Na saiwar arak ya fi na reshe laushi. Idan ya bushe a jiƙa bakinsa a ruwa mai tsabta na 'yan sa'o'i. A feƙe ɓawon ɗan kaɗan, ƙasa da gaɓar yatsa, a tauna shi a hankali da turamen da ba su ciwo har zarensa ya rarrabu ya yi laushi. Kada a kai shi wuyan haƙori yana da sauran tsinke mai tsini. Idan bakin ya baje ko ya canja wari a yanke a buɗe sabo, a wanke shi bayan an gama, a bar shi ya sha iska. Jefa shi jiƙe cikin aljihu tare da kuɗi da makullai ya saɓa wa abin da ake nema da shi.

Icen darbejiya da na marke, waɗanda mutanenmu suka saba da su, suna da nasu amfani, haka ma irin waɗanda 'yan'uwanmu Yarbawa ke sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, waɗanda suke kira orin. Sai dai da yawa daga cikinsu sun fi arak tauri, saboda haka mai lalura ya ba su lokaci wajen tauna, in kuwa sun ƙi laushi ya bar wa masu lafiyar haƙori.

YADDA ZA A ZAƁI BUROSHI

Buroshi irin na da, wanda ya samo asali daga ƙasar Sin, kuma wani Bature mai suna William Addis ya fara ƙera shi da yawa a Ingila wajen shekarar 1780, da gashin dabba ake yinsa, galibi na alade. Wannan ya isa ya sa Musulmi ya ƙyamace shi a wancan zamani. Amma tun shekarar 1938 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da zaren nailan, kuma da shi ake yin buroshin da ya cika kantunanmu a yau, saboda haka wannan shubuha ta kau.

A jikin kwalin buroshi akan rubuta matsayinsa, ko mai laushi, ko matsakaici, ko mai tauri. Mai raunin haƙori ya ɗauki mai laushi, in ya sami wanda ya fi laushi ma ya fi. Wanda bai iya karatun boko ba ya tambayi mai kanti, babu kunya a cikin wannan. Ya nemi mai ƙaramin kai, domin shi ne ke isa ga turamen ƙurya. Mutane da yawa suna zaton mai tauri ya fi fitar da dauɗa kuma ya fi ƙarko. Gaskiyar magana ita ce dauɗar yau da kullum taushi gare ta, mai laushi yana fitar da ita sarai. Wadda ta riga ta daskare ta zama kamar dutse kuwa, babu buroshin da zai cire ta, sai likita da kayan aikinsa.

Wajen riƙo, ina yi wa ɗalibaina misali da alƙalami. Wanda ya danna alƙalamin kara a kan allo da ƙarfi bakinsa zai fashe, rubutu ya ɓaci. A riƙe buroshi ko asuwaki da 'yan yatsu kamar yadda ake riƙe alƙalami, kada a dunƙule hannu kamar mai riƙe da fartanya. A ɗan karkata shi wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, a yi ta 'yan gajerun motsi a hankali, haƙori biyu ko uku a lokaci guda, waje da ciki da inda ake tauna. Minti 2 ya isa, sau 2 a yini, kuma na kafin barci shi ne mafi muhimmanci. A canja buroshi bayan wata 3. Wanda nasa ke bajewa cikin 'yan makonni ya sani hannunsa ya yi nauyi.

A nan wani almajiri zai ce, ai littattafanmu sun ce a goge haƙora a kwance, harshe kuma a tsaye, ga shi likitoci suna hana dirza a kwance. Amsa ita ce, malaman da suka faɗi haka sun bayyana dalilinsu, watau gudun kada gogar tsaye ta fasa dasashi, hadisin da ake kafa hujja da shi a kan haka kuwa malaman hadisi sun raunana shi. Abin da likitoci ke hanawa shi ne jan buroshi da ƙarfi daga wannan ƙurya zuwa waccan kamar mai zarto. Manufar ɓangarorin biyu ɗaya ce, kare dasashi, kuma wanda ya bi jerin haƙoransa daga dama zuwa hagu da ƙananan motsi masu taushi ya haɗa maganganun biyu.

Akwai kuma man goge baki da aka yi musamman domin masu wannan lalura. Wani yana toshe kafofin nan, wani yana kwantar da jijiya. Ba ya aiki rana ɗaya, sai an lazimce shi kamar mako 2 zuwa 4. A sa kamar ƙwayar wake, idan an gama a tofar, kada a bi da kurkura mai yawa nan take. Bayan an sha abu mai tsami kuma, a kurkure baki da ruwa, a dakata kamar rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin a goge, domin tsami yana tausasa farin ɓawo na ɗan lokaci. Masu buɗe baki da kunun tsamiya su yi asuwaki nan take don sallar magariba, su kula da wannan.

MAS'ALOLI UKU

Ta farko, kurkurar baki. Sunna ce daga sunnonin alwala a mazhabarmu, ta fi asuwaki ƙarfi, bai kamata a yi sakaci da ita ba alhali akwai mafita. Mafitar kuwa ita ce ruwan ɗumi. Alwala da ruwan da aka ɗumama halal ce, ladanta cikakke ne. Hasali ma malamai sun karhanta ruwan da ya tsananta sanyi ko zafi idan zai hana mutum cika alwalarsa. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan falalar cika alwala a lokacin da rai ba ya so, yana magana ne a kan wanda ya daure bai tauye alwalarsa ba, bai umarci kowa ya bar ruwan ɗumi ya nemi na randa ba.

Ta biyu, jinin dasashi. A mazhabar Malikiyya fitar jini daga baki ba ya warware alwala, sai dai a tofar a kurkure. Malaman Hanafiyya suna ganin yana warwarewa idan ya kai yawan yawu ko ya rinjaye shi. Amma kowa ya sani, jinin da ke fita kullum alama ce ta ciwon dasashi, kuma barin goge wurin yana ƙara shi ne. A ci gaba da gogewa a hankali, a kuma nemi likita.

Ta uku, mai azumi. Imamu Malik ya halatta asuwaki ga mai azumi tun safe har yamma, sai dai ya karhanta ɗanye don kada wani abu ya narke ya wuce maƙogwaro. Busasshe kuwa ya ce babu laifi ko da an jiƙa shi da ruwa, kuma wannan sauƙi ne babba ga mai raunin haƙori. Man goge baki a bar shi sai dare da lokacin sahur, shi ya fi kuɓutarwa.

LOKACIN DA ZA A TAFI ASIBITI

Duk abin da muka faɗa ya shafi sukar da ke zuwa ta wuce da zarar an kawar da sanyi. Idan zogi ya daɗe bayan an kawar da abin, ko yana tashin mutum cikin dare, ko haƙori ɗaya ne ke ciwo idan an tauna, ko akwai kogo, ko kumburi, ko zazzaɓi, to, wannan ya wuce batun canja buroshi. A tafi wurin likitan haƙori tun da wuri. Nan Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma a wasu asibitocin gwamnati da na kuɗi. Kanumfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma ba ya cike kogo. Ina kuma gargaɗin 'yan'uwa da babbar murya su guji ɗiga ruwan batir a haƙori, ko danna ƙwayar magani a kan dasashi, ko miƙa baki ga masu cire haƙori a bakin titi. Annabi ya hana cuta da cutarwa, kamar yadda Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa.

Dattijon da na ba ku labarinsa mun sake haɗuwa bayan sallar Juma'a, kamar wata ɗaya da maganarmu. Ya ce ya je an duba shi, an kankare masa dauɗar da ta daskare, an cike masa wuyan haƙora biyu da suka zaizaye. Uwargida tana ajiye masa ruwan ɗumi a fulas domin alwalar asuba. Ya zaro wani siririn asuwaki ya nuna mini, ya ce, "Malam, ga shi na koma, amma yanzu lallaɓa shi nake yi." Na ce masa, "Alhaji, ai haka Nana A'isha ta yi wa wanda ya fi mu." Muslim ya ruwaito daga gare ta cewa Annabi ya sanar da ita tausasawa tana ƙawata duk abin da ta shiga, rashinta kuma yana muzanta shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsarkake bakunanmu daga dauɗa da ƙarya da giba, ya sa mu cika da kalmar shahada. Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.